Na Allah Mai Kiran Dila

A Gidan Ɗanbaba, wani ɗan ƙauye arewa da Urafane, in ka tambayi tsofaffi wa ya fi kowa lalaci a gona a zamaninsu, ba za su yi gardama ba, Na Allah za su ce maka. In ka sake tambaya wa ya fi kowa amfani, shi ɗin dai za su ambata, amma sai sun ɗan ja tsaki tukuna. Gajeren mutum ne mai ƙaton maƙogwaro, gonarsa kuwa ciyawa ta fi shi saninta. Allah bai ba shi ƙarfin hauya ba, bai ba shi kan karatu ba, sai Ya tara masa rabonsa duka a wuya. Na Allah ya iya kukan ɗan akuya fiye da ɗan akuyar kansa.

Kada ka raina wannan sana'a a ƙasar da dukiyar mata awaki ce, dila kuma ya mai da 'yan awakin tamkar zakkar da aka yanka masa. Sauran mahalba kan bi sawu, su yini cikin ƙaya, su dawo da faso a ƙafa da yunwa a ciki. Na Allah ba ya bin kowa. Gindin sabara yake samu ya zauna, ya matse hanci da yatsu biyu, ya saki wani siririn kuka mai karya zuciya, irin na ɗan akuyar da ya ɓace wa uwarsa tun hantsi. In wannan bai yi ba, sai ya tsaga ɗanyen ganyen kaba ya sa tsakanin manyan yatsunsa, ya busa kukan zomon da shaho ya taka. Dila kuwa, duk da malantar daji da ake ba shi, sai ka gan shi ya taho da ƙafarsa. Wajen kawunsa Na Allah ya gaji abin, kuma har daga ƙauyukan Mayahi ana aiko masa. Kowace wutsiyar dila tana kawo masa tiyar hatsi, wani lokaci da ƙaurin akuya in masu gari sun ji daɗi.

Matarsa Zara'u ba ta cikin masu yabo. Takan ce a bakin rijiya, "Kowa da rabonta. Wata manomi, wata maɗinki, ni kuwa Allah Ya haɗa ni da ɗan akuya mai gemu." Amma hatsin wutsiya shi take dakawa, kuma ba a taɓa jin ta mayar da shi ba.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, bayan babban farin da ya kwashe shanu, aka ji a rediyo cewa an hana farauta. Na Allah ya shafe bindigarsa ta toka da man shanu, ya naɗe ta a tsumma, ya binne ta bayan rumbu. Ya binne ta da kyau ƙwarai, har shi kansa bai sake gano wurin ba. Daga nan ya koma ga kere, ɗan guntun sandan nan mai lanƙwasa da ake jifan zabi da shi. Sai ya zama dole ya jawo dila kusa, taku goma ko ƙasa da haka, abin da ya ƙara masa gwaninta da girman kai.

Wata la'asar wani gardin daji, ma'aikacin gwamnati mai tsaron dawa, ya iske shi gindin sabara, ga dila kwance a gabansa.

"Kai tsoho, ba ka ji doka ba? An hana halbi, antardi ne!"

Na Allah ya ce, "Ranka shi daɗe, ni zamne ka ishe ni. Kuka ni kai, don ina da abin kuka, shekara ta ɓaci. Wanga shi ya taho da niyyar cin nama. In akwai mahalbi tsakaninmu, ga shi nan kwance, kama shi."

Gardin ya daɗe yana dubansa, dariya tana neman kwance masa ɗamara. Daga baya ya rage murya ya ce shi ma tsohuwarsa na da awaki can wajen Tasawa, dila ya hana ta sakat, ko tsoho zai samu sukuni ranar kasuwa.

Almajirin Na Allah ɗaya tak a duniya, shi ma ya ba hamsin baya. Gado ke nan, wani Buzu da ya gangaro daga wajen Issawane bayan fari ya raba shi da shanunsa, ya yi bukka a gefen gari da 'yan awaki bakwai. Da dila ya mayar da su biyar, sai ya zo da sukari da ganyen shayi ya durƙusa ya ce a koya masa. Na Allah, da bai taɓa samun wanda ya kira shi malam ba, ya karɓe shi hannu biyu. Suka fita da sanyin safiya, malam gaba, ɗalibi mai furfura a baya.

Na Allah ya ce, "Na hwarko, iska. Ɗebi rairayi ka saki ka ga inda ta nuhwa, ka zamna ta bugo ka a huska. Dila idonshi na yi mishi ƙarya, kunnenshi ma haka, amma hancinshi bai taɓa cin amanarshi ba. Kai kuwa, ko kura mai mura ta jiyo tabar da ke cikin rawanin nan naka. Sannan rana ta zamo bayanka, ta kashe mishi ido."

"In iska da rana suka saɓa hwa, malam?"

"Sai ka tahi gida ka sha hura, ba dole. In ka zamna, kuka ukku za ka yi, ka yi shiru, tsawon Ƙulhuwallahu ƙahwa goma sha ɗaya a zuci. Masu koyo wajen shirun su ke hwaɗuwa. Ɗan akuya na gaskiya shina gajiya. Wanda ke kuka ba hutu, dila ya san mutum ne. In ƙuda ya sauka a hancinka, bar shi, baƙonka ne. Kada ka jehwa sai ka tabbata, don dilan da ka kira ka kuskure ya sauke karatu, ya hi ƙarhinka har abada."

Akwai sharaɗi guda da yakan maimaita kullum, har Gado ya haddace yadda yake ɗaga yatsa in zai faɗe shi. "Kada ka kuskura ka yi kira kusa da gida. Yi tahiya har ka daina jin dakan mata. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Ranar da Gado ya fara gwada kukan, wani jaki ne ya amsa masa daga bakin rijiya. Wata uku suna fita bai jawo ko ɓera ba. Abin da ya ƙware a kai shi ne shirun, har matarsa ta aiko wa Na Allah da cuku don godiya.

Gaban wannan ɗalibi ne kuma malam ya yi abin kunyar rayuwarsa. Wata safiya wani ƙaton dila ya amsa kira, Na Allah ya ji idon Gado a kansa, son a sani ya ɗebe shi, ya saki kere tun dilan na taku goma sha biyar. Keren ya tsinke wa dilan rabin kunnen hagu ya wuce. Tun daga ranar Guntu, haka gari ya sa masa suna, ya zama gwani a kan gwani. In Na Allah ya yi kira sai ya taho, ya hau tudu can inda kere ba ya kaiwa, ya zauna ya saurari kukan har ƙarshe kamar mai sauraren makaɗi, ya yi hamma ya tafi. Kafin magariba kuma sai ka ji wata mata tana salati, ɗan akuyarta ya ɓace. Na Allah ya rantse ba zai mutu ba sai ya rataye wutsiyar Guntu a ƙofar gidansa. Zara'u ta ce, "To, Alhamdu lillahi, ashe za ka daɗe."

Sai ga fari na biyu, shekara goma bayan na farko, wanda ya zo ya ƙarasa abin da wancan ya manta. An yi shuka sau uku, rana ta cinye. Mutane suka koma ga anza da ganyen jiga, ana jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita, bai kuma taɓa fita duka ba. Jar dawar taimako takan zo in ta ga dama, a yi layi gaban soja a karɓi abin da ba zai kai Juma'a ba. Awakin gari suka ƙare, wasu a kasuwa, wasu a bayan gari. Ba mai neman mai kiran dila, don ba sauran abin da dila zai ɗauka. Danda, ɗan autan Na Allah, ya tsallaka Najeriya neman abin kai wa baki, aka rufe iyaka yana can, ko saƙonsa ba ya isowa. Ya bar matarsa Husaina da jaririya 'yar wata shida mai suna Ladi.

Husaina yarinya ce mai kunya, ta yi kwanaki tana ɓoye cewa nononta ya ƙafe, sai da kukan Ladi ya tona. An gwada garin madarar taimako da ruwan rijiya, cikin yarinyar ya ɓare har idanunta suka faɗa. Abin da ya rage a gidan kaf shi ne jar akuyar Zara'u, wadda ta hana a sayar ko da aka kai ga cin ganye, tana ciyar da ita da 'ya'yan gawo da take tsintowa ɗaya-ɗaya. Akuyar ta haihu, ana raba nononta tsakanin ɗanta da Ladi, yarinya ta fara buɗe ido. Ana haka ɗan akuyar ya kwanta ya mutu.

Akuya ba ta faye riƙe nono don ɗanta ya mutu ba, wannan halin saniya ne. Amma ta Zara'u ta sha gata har ta ɗauki kanta saniya. Hantsa cike, a taɓa ta ta yi harbi, ko ɗigo ba ta saki. Gado ya kawo dabarar makiyaya, ya feɗe ɗan, ya cusa wa fatar ciyawa, ya tsayar da ita a kan ƙafafun kara. Akuya ta sunsuna sau ɗaya, ta dube shi irin kallon da ake yi wa wanda ya raina wa mutane hankali, ta juya baya. Aka jingina fatar a jikin darni aka manta da ita. Kwana biyu Ladi ba ta sha komai ba sai ruwan dawa.

Safiya ta uku Zara'u ta iske mijinta yana gyaran kere.

"Mai gida, tashi ka yi mata kukan nan naka."

"Wa?"

"Akuyar mana. Ba ƙamshi ta ke so ba, murya ta ke so."

Na Allah ya ajiye keren. "Ke kin san abin da ki ke hwaɗi? Cikin gida? Shekara talatin ban taɓa yin kira inda ni ke jin turmi ba. Diloli duk yunwa ta haukata su, ki ce in yi musu shela ga akuya ɗaya ta rage a gari? Kuma ni, Na Allah, in durƙusa gaban surukata ina kukan dabba?"

Zara'u ta ce, "Shekara talatin kana yi ma dila kuka. Yau yi ma jikarka." Ta shige ɗaki ta bar shi.

Ya zauna yana huci, yana jiran ya ji abin da zai ƙara masa fushi. Abin da ya ji shi ne kukan Ladi daga ɗakin Husaina. Shi kuwa duk duniya ba wanda ya kai shi sanin kuka. Ya san na yunwa, ya san na tsoro, ya kuma san wanda dabba ke yi in ta daina sa ran za a zo, gajere, da dogon shiru a tsakani. Wannan na ƙarshen ne yake ji. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji a daji ba. Ya tashi ya zagaya bayan turke ya tsuguna inda akuya ba ta ganinsa, ya matse hanci.

Kuka na farko akuya ta ɗaga kunne. Na biyu ta amsa da wata murya ƙasa-ƙasa, ta buɗe ƙafafu. Zara'u ta rarrafo da ƙwarya, nono ya fara sauka. Ya yi ukunsa ya tsaya don jan Ƙulhuwallahu kamar yadda ya saba, nan take nono ya ɗauke. Zara'u ta ce, "Wa ya ce ka tsaya? Nan ba makarantarka ba ce, ci gaba!" Haka sharuɗɗan malam suka fara zubewa tun ranar farko, na gida da na shiru gaba ɗaya.

To, abin ya zama aiki, safe da la'asar. Akuya ta koma kwana cikin ɗaki don tsoron diloli, aka fitar da shimfiɗar Na Allah waje don a ba ta wuri. Gari kuwa, da yunwa ta hana shi dariya wata da watanni, ya samu abin yi. In ya wuce majalisa sai wani ya tambaye shi ko an yaye shi, wani ya ce ya gaida tsohuwarsa mai ƙaho. Husaina takan shige ɗaki ta ja tabarmar ƙofa duk lokacin da surukinta zai fara, don ta rage masa nauyi. Abin yana ci masa rai, ba ƙarya. Amma Ladi ta fara riƙe yatsa da ƙarfi, saboda haka ya haɗiye. Kerensa dai kullum yana gefen gwiwarsa, don ya san abin da yake kira.

Kere na yawo, zabo na yawo, wata rana sai an haɗu. Wata safiya Ladi ta tashi da zazzaɓi, ta amayar da na jiya, ga akuya ita ma ta fara ja baya, abin da take bayarwa bai fi cikin ludayi uku ba. Kowa ya san halinta, in ta firgita sau ɗaya ta harbe ƙwarya, to sai gobe, yarinyar kuwa ba ta da ƙarfin jiran gobe. Zara'u ta kafa goshi a cikin akuya tana tatsa, Na Allah na tsugune yana kuka, sai ya ga inuwa a ɓarakar darni, gabas da shi.

Guntu ne. Taku takwas, ba ƙari. Na Allah ya dube shi da idon sana'a, ya ga iska tana bugun dilan a fuska, shi ya sa akuya ba ta ji warinsa ba. Rana tana bayan dilan, tana kashe wa Na Allah ido. Ƙuda ya sauka a guntun kunnen, bai ko motsa ba. Duk abin da aka yi wata uku ana cusa wa Gado bai shiga ba, ga wanda ya ɗauke shi tsaf daga kan tudu, ba sukari ba shayi.

Hannun Na Allah ya sauka a kan kere. Shekara biyar yana roƙon Allah wannan taku takwas ɗin, ko makaho ba zai kuskure ba. Amma jifa sai an saki hanci, an miƙe, an yi wurgi, dila ya yi ƙara, akuya ta yi tsalle. Ya saurari ƙwarya, ya ji har yanzu ƙarar gindinta take yi, ko rabi ba a kai ba. Ya sake duban Guntu. Haƙarƙarinsa duk a waje, gashin baya ya zube, bakin ya yi furfura. Bai taho don wayonsa ya ƙare ba, ya san sarai mutum ne ke kukan, yunwa ce ta ce masa ko da wataƙila. Na Allah ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushin jin tausayin. Tsofaffi biyu ne fari ya tsugunar a gaban akuya ɗaya.

Muryarsa ta ɗan yi rawa, akuya ta waiga. Zara'u, ba tare da ta ɗaga kai ba, ta ce, "Ƙara kuka, mai gida, saura kaɗan."

Ya janye hannunsa daga kan keren ya ƙara kuka. Wannan karon bai sha wahalar ƙirƙira ba, hawaye na bin gemunsa. Guntu ya miƙa wuya a hankali, ya kama fatar nan mai cike da ciyawa da ke jingine a darni, ya ja ta ta ɓaraka, ya juya ya tafi da ita yana ɗingishi, ko sauri bai yi ba. Kukan ɗan akuya ya zo nema, ya tafi da ɗan akuya, kowa ya cuci ɗan'uwansa daidai gwargwado. Zara'u ta miƙe da ƙwarya, ta tafasa nonon, Husaina ta ɗura wa Ladi da ɗan ludayi, ya zauna a cikinta.

Da hantsi Gado ya ga sawu a bakin darni, ya auna da ƙafarsa, ya shigo baki buɗe. "Malam, taku takwas! Mi ya hana ka jihwa?"

Na Allah ya ce, "Ina bakin aiki."

Ba a sake ganin Guntu ba, wutsiyarsa kuma ba ta taɓa hawa ƙofar gidan ba. Wata huɗu Na Allah ya ƙara yana tsugunno bayan turke, har damina ta sauka, Ladi ta fara shan kunu. Da awaki suka dawo gari aka sake nemansa, ya fita sau biyu ko uku, ba dilan da ya amsa. Shi ya ce duk dilolin ƙasar sun yi saukar karatu a bayan darninsa. Zara'u ta ce a'a, muryar ce ta saba da gida. Ya rasu yana da haushin abin, rantsuwarsa ba ta cika ba, kuma har yau a Gidan Ɗanbaba ba mai tuna yawan dilolin da ya kashe, kukan turke kawai ake ba da labari.

Ladi tana nan a Urafane da 'ya'yanta shida da garken jajayen awaki. In hira ta kai ga shekarar farin nan, mata suka tambaye ta wa ya shayar da ita tunda nonon uwarta ya ƙafe, ba ta cewa akuya. Cewa take, "Kakana, na wajen uba."